Gidan da ke sanyaya kansa: tambayoyi da amsoshi kan rana, ginin ƙasa da aikin gayya

Duk shekara idan bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, magana ɗaya ce ke dawowa a majalisa: sabon gida na bulo da kwano ba ya kwantuwa da dare, alhali tsohon soron kaka yana nan da sanyinsa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuwa sai an gyara zama.

Idan aka ce gini yana sarrafa rana da kansa, sola ake nufi?

A'a. Farantin sola wutar lantarki yake bayarwa, sai an saya, sai an haɗa da batir. Abin da muke magana a kai ya girmi sola nesa ba kusa ba. Shi ne a tsara ginin yadda bangonsa da rufinsa da tagoginsa za su karɓi ranar da ake so, su tare wadda ba a so, babu inji, babu waya.

A ƙasashen sanyi neman ranar suke yi. Shi ya sa suke buɗe manyan tagogin gilashi ta kudu, su sa bango mai kauri a bayan gilashin ya sha zafi da rana ya sake shi cikin ɗaki da dare. Wani injiniya Bafaranshe, Félix Trombe, ya gwada irin wannan bango a wani gida a Odeillo ta Faransa a 1967, har yanzu da sunansa ake kiran bangon. Mu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, gudun ranar muke yi. Ilmin ɗaya ne, sai dai a juye. Wanda ya kwafo zanen gida mai fuskar gilashi daga mujallar Turai ya dasa shi a Gusau, tanda ya gina wa iyalinsa.

To ina ya kamata gida ya fuskanta?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace araha, don amsarta ba ta cin ko kwabo, amma ita aka fi mantawa. Ana auna fuloti, a ja igiya daidai da titi, a fara tonon harsashi, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama.

Bangon gabas da na yamma su ne masu shan wahala. Da hantsi da kuma bayan la'asar rana tana ƙasa-ƙasa, tana dukan bango kai tsaye, babu bakin rufin da zai tare ta. Ranar yamma ta fi muni, domin tana zuwa ne a lokacin da iska da ƙasa duk sun riga sun gasu. Saboda haka a miƙar da tsawon gini daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye su dubi kudu da arewa, gajerun su dubi gabas da yamma. A yamma a sa abin da ba a kwana a ciki: sito, banɗaki, matakala, ko kuma itace mai inuwa.

Kudu da arewa suna da sauƙin karewa don rana tana sama idan ta zo ta wajensu. Ɗauki Kano, wadda ke kan layi na 12 arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Disamba da tsakar rana, rana tana karkata kudu, tsayinta kusan digiri 55 daga ƙasa. Bakin rufin da ya fito mita 1 zai jefa inuwa kusan mita 1.4 a jikin bangon kudu. A ƙarshen Yuni kuwa ranar tana arewa da kanmu, kusan digiri 79, don haka ɗan baki mai faɗin santimita 30 ya isa ya inuwantar da mita ɗaya da rabi na bangon arewa. Mutane da yawa ba su lura cewa daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana ta arewa take bi a Kano ba. Ka duba inuwarka da azahar a watan Yuni, za ka ga ta faɗi kudu.

Masallaci ne ba shi da zaɓi. Alƙiblarmu gabas ce, ta ɗan karkata arewa, kuma hadarin damina yawanci daga gabas yake tasowa. Bangon alƙibla ke nan yana shan ranar safe yana shan dukan ruwa. Ba banza ba tsofaffin magina suke ƙara masa kauri, kuma shi suke fara dubawa kafin ruwa ya sauka.

Me ke sa soro sanyi da rana? Kuma me ya sa wani lokaci da dare sai ya yi ɗumi?

Kauri. Bangon tubali, musamman daga gindi inda yakan kai kamu guda ko fiye, ba ya hana zafi shiga gaba ɗaya, jinkirta shi yake yi. Zafin da ya bugi bayan bango da azahar yana ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya ratsa zuwa ciki. Kafin ya iso, rana ta faɗi. Rufin soro ma haka, azara da asabari da ƙasa a sama, nauyi ne da zafi ba ya ratsawa da sauri. Kwano kuwa cikin 'yan mintoci ya ɗauka ya zubo maka a ka.

Amma kada a yi wa soro ƙarya. Zafin da ya ajiye da rana sai ya fitar da shi da dare. A lokacin hunturu wannan alheri ne: waje sanyi na ratsa ƙashi, cikin soro kuwa ɗumi kamar an hura gawayi. A tsakiyar bazara abin yakan zama wahala, shi ya sa mutanen zamanin da sukan fitar da tabarma tsakar gida ko su hau saman soro su kwana. Gidan Bahaushe na da ba ɗaki ɗaya ba ne da ake zaune a ciki dare da rana. Ana bin inuwa ne: hantsi a rumfa, azahar a zaure ko cikin soro, dare a fili.

Maganin ɗumin dare shi ne a bar iskar dare ta wanke ɗakin. Da rana a rufe tagogi, da dare a buɗe, musamman daga tsakar dare zuwa asuba. Yawancinmu akasin haka muke yi, mu buɗe da rana iska mai zafi ta cika ɗaki, mu kulle da dare saboda sauro da ɓarayi. Raga da ƙarfen taga sun fi fanka amfani a nan. A kuma bar 'yan ƙananan kafofi can sama kusa da rufi, domin iska mai zafi sama take tashi, idan ta sami mafita sai mai sanyi ta shigo ta ƙasa.

Ni dai ba zan iya rabuwa da kwano ba. Akwai dabara?

Akwai, kuma an gwada ta a wurin da zafinsa bai fi namu sauƙi ba. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Diébédo Francis Kéré, ɗan garin da ya yi karatun zanen gini a Jamus, ya gina makarantar firamare mai aji uku da aka gama a 2001. Bangon na bulon ƙasa ne da aka ɗan haɗa da siminti. Kwanon kuwa bai zauna a kan bango ba. An ɗaga shi sama a kan saƙar rodi, a ƙarƙashinsa aka yi silin na bulon ƙasa mai kafofi. Kwano ya yi zafi, iska ta bi tsakaninsa da silin ta kwashe zafin, ta kuma zuƙo iskar cikin aji ta fitar. Bakin kwanon ya fito sosai, yana kare bango daga rana da ruwa. Makarantar ta ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 2004, shi kuma Kéré a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini.

Wato kwano laima ce, kada a mai da shi hula. Abu ɗaya da za a kiyaye: rufin da aka ɗaga, iskar farkon damina na iya yaye shi idan ɗaurin bai yi ƙarfi ba. Kada a yi rowar ƙarfe a wurin.

Ginin ƙasa ba ya rushewa da damina? Kowace shekara muna jin labari.

Yana rushewa, kuma ba abin wasa ba ne. A watan Agustan 2023 wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana cikin salla, aka rasa rayuka, Allah Ya ji ƙansu. Masallacin nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi tun wajen shekarun 1830, kuma bakan gizonsa da tulluwarsa suna cikin mafi kyawun abin da hannun magini ya taɓa yi a ƙasar Hausa. Ginin da ya yi kusan shekara 190 a tsaye ba za a ce kayan aikinsa ne marasa ƙarfi ba. Amma ƙasa ba ta yafe wa ruwa, a kowane zamani.

Ruwa ta wuri uku yake kashe ginin ƙasa. Ta sama, idan indararo ya toshe ruwa ya kwanta a kan soro. Ta gefe, idan yaɓe ya zaizaye. Ta ƙasa, idan ruwa ya taru a gindin bango ya jiƙa shi. Na ƙarshen nan ya fi yawa yanzu a birane, domin an cike kududdufan da ruwan unguwa ke gangarawa an yi gini a kai, magudanai sun cika da leda, titi kuma an ɗaga shi ya fi gidaje tudu. Sai ruwa ya rasa wurin zuwa ya shiga zaure. Kududdufin nan, idan an tuna, daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar tun farko.

Magina na da suna da magungunansu. Makuba, daga ɓawon ɗorawa, ana kwaɓa ta da ƙasa a shafe bango. Laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, yana hana ruwa shiga rufi. Dakali a gindin bango ba wurin hira kaɗai ba ne, yana kare tushe. A ginin yau sai a ƙara da harsashin dutse ko kankare da ya ɗago aƙalla taku guda sama da ƙasa.

Kuskuren da na fi gani shi ne a lulluɓe tsohon bangon ƙasa da filastar siminti a ce an huta. Siminti da ƙasa ba sa motsi tare. Filasta ta tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar bushewa, bango ya ruɓe a ɓoye, waje kuwa fes. Gara yaɓen da kake ganin lalacewarsa da idonka.

Mene ne bambancin tubali da bulon ƙasa na inji?

Tubali da hannu ake mulmula shi, mai ƙiran ƙwai, a shanya a rana, a jera shi a tsaye cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bulon inji kuwa jar ƙasa ce ake tankaɗewa, a ɗan jiƙa, a zuba siminti kaɗan, yawanci kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a matse ta da injin hannu ko na mai. Ba a ƙona shi, don haka ba ya cin itace. Yana fitowa da kusurwa daidai, ya fi jure ruwa, kuma idan magini ya iya jeri ba ya buƙatar filasta. Sharaɗinsa biyu: a gwada ƙasar kafin a fara, don mai yumɓu da yawa tsagewa take yi, mai yashi da yawa kuma marmashewa, sannan a rufe shi ana yayyafa ruwa na wasu makonni kafin a ɗora. Masu gaggawa su ne suke ɓata masa suna.

Azara ta yi tsada, giginya ta ƙare. Da me za a yi rufin ƙasa?

Da ƙasar kanta. Mutanen Nuba da ke bakin kogin Nilu sun daɗe suna yin rufi mai lanƙwasa da tubalin ƙasa zalla, ba katako ba ƙarfe, ana jingina layukan tubali a karkace a jikin bangon ƙarshe. Hassan Fathy, mai zanen gini ɗan Masar, ya farfaɗo da dabarar a ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luxor a shekarun 1940. A Nijar an koyar da magina irin wannan gini marar itace tun shekarun 1980, a Burkina Faso kuma wata ƙungiya da aka kafa a shekarar 2000 tana yaɗa shi daga garin Boromo zuwa maƙwabtan ƙasashe. Faɗin ɗakin ba ya wuce mita uku da 'yan kai, tsawo kuwa yadda kake so. Aikin gwani ne, kada wanda bai koya ba ya gwada a kan iyalinsa.

Me ya kawo maganar jama'a da gayya cikin zancen zafi da sanyi?

Domin ginin ƙasa ba a gama shi. Bulo da siminti kuɗi suke ci sau ɗaya mai yawa, ƙasa kuwa hannu take ci kowace shekara. Inda hannun ya taru gini ya daɗe, inda ya watse gini ya bi shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle ya yaɓe masallaci. A Djenné ta ƙasar Mali, babban masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne saboda duk shekara gari kan fito rana guda a yaɓe shi, samari na hawa kan itatuwan da ke jikin bango, mata na kawo ruwa. Hasumiyar Agadas mai tsayin mita 27, itatuwan da suka fito a jikinta su ma matakan masu gyara ne, ba ado kawai ba.

Misalin da ya fi kusa da mu yana jihar Tawa a Nijar. A ƙauyen Yaama, a 1962, jama'a suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka damƙa aikin ga magini Falke Barmu, manomi ne kamar kowa. Wannan ya kawo tubali, wancan itace, wani ruwa, wani hatsi. Daga baya aka sake rufin da baka da tulluwa, aka ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan. Magini ne na ƙauye, ba digiri, ba takardar zane.

Labarin bai tsaya nan ba. A Dandaji, wani garin Hausawa a jihar, akwai tsohon masallacin ƙasa na hannun shi wannan magini, ya tsufa ya yi wa gari kaɗan, har ana shirin rushe shi a yi na kankare. Mariam Issoufou Kamara, mai zanen gini 'yar Nijar, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka kawo wata shawara: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa na inji, daga ƙasar da ke kusa da garin. Aka kira tsofaffin maginan suka yi gyaran. An gama a 2018, ana kiran wurin Hikma. Abin da ya fi burge ni a ciki ba kyaututtukan da ya samu ba ne. Yaran garin yanzu suna karatu a ƙarƙashin rufin da kakanninsu suka ɗaura, kuma samarin da suka yi leburanci a wurin sun ga yadda ake ɗaura shi.

A Gando ma haka aka yi: yara suka tara duwatsun harsashi, mata suka ɗebo ruwan bulo. Wanda ya ɗauki dutsen gini a kansa, idan ya ga bango ya tsage ba ya jiran gwamnati. Saboda haka duk unguwar da za ta gina Islamiyya ko ɗakin shan magani da ƙasa, ta fara tsayar da ranar gyara a kowace shekara kafin damina, da wanda zai kira gayyar, da asusun goro da abinci. Idan ba a iya tsayar da wannan ba, a yi da bulo, ya fi aminci.

Gaskiya mutane na ganin gidan ƙasa gidan talaka ne. Wa zai ba ni 'yarsa?

Wannan ita ce ainihin matsalar, ba ruwa ba, ba gara ba. Gidan Rumfa da Sarkin Kano ke zaune a ciki tun ƙarni na 15 asalinsa ƙasa ne, haka Gidan Makama, haka hasumiyar Gobarau a Katsina. Sarautar Sarkin Magina ba don bulo aka ƙirƙire ta ba. Sai dai tun da siminti da kwano suka zama alamar an samu, ɗan magini ya daina gadon ubansa. Ban ga laifin saurayin da ke tsoron gorin surukai ba. Laifin na masu hali ne: ranar da attajiri ya gina gidansa da jar ƙasa a unguwar manya, washegari za a fara kiran abin da suna mai daɗi.

Fulotina ƙarami ne a cikin birni. Wannan duk ba zancen ƙauye ba ne?

A Yamai an gina gidaje shida manne da juna, masu bene, da bulon ƙasa na inji, aka gama a 2016, ana kiran aikin Niamey 2000. Kowane gida da ɗan tsakar gidansa da wurin shan iska a sama. Manne gidaje da juna ma dabara ce: bangon da ka haɗa da maƙwabci rana ba ta ganinsa. Lungunan cikin birnin Kano da na Birni a Damagaram matsattsu ne, amma kusan duk yini a inuwa suke. Abin da ke kashe gidajen birni shi ne a cinye fuloti kaf da ɗakuna, ɗan filin da ya rage kuma a shafe shi da kankare, ya sha rana ya yi ta huci har tsakar dare.

Na riga na gina da bulo da kwano. Sai haƙuri?

Ba sai haƙuri ba. Ka fara da rufi, don ta nan mafi yawan zafin yake shigowa. Farin fenti a kan kwano yana mayar da rana sosai, ko da yake ƙurar hunturu na dusashe shi, sai ana wankewa. A yi silin, a huda kafofin iska a bangon da ke tsakanin silin da kwano ta ɓangarori biyu, a sa musu raga saboda jemage. Sannan ka je bangon yamma: rumfar zana ko ta kara, tazarar taku biyu daga bango, tana aiki tun ranar da aka kafa ta. Darbejiya ko mangwaro sai an jira shekaru, kuma a nisanta su da harsashi saboda saiwa. Labulen cikin ɗaki ba ya hana zafin da ya riga ya ratso gilashi. Asabari a rataye ta waje ya fi shi.

A ƙarshe, ya fi araha ko bai fi ba?

Ya danganta da inda ƙasar take. Idan a fulotinka ko kusa za a haƙa, kuma akwai hannun taimako, ya fi araha sosai. Idan sai tifa ta yi doguwar tafiya, kuma magini gwani ɗaya ne a garin, kuɗin na iya kamo na bulo. Amma a yi lissafin da man janareta da kuɗin fanka da na'urar sanyaya ɗaki na shekara ashirin, a ɗaya gefen kuma a sa kuɗin yaɓe da gyaran indararo na kowace shekara. Kafin ka sayi buhun siminti na farko, je ka fulotin da ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu, ka tsaya inda kake son sa gadonka, ka ga ta ina ranar ke zuwa.